In Jirgin Ƙasa Ya Ƙi Tashi a Ƙasar Mutane

[Kiɗan buɗe shiri]

 Hirarmu ta yau ta matafiya ce, musamman waɗanda Allah ya nufa da zuwa ƙasashen Turai: ɗan kasuwa mai zuwa baje koli a Jamus ko sarin takalma da jakunkuna a Italiya, ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Faransa, iyayen da za su je bikin yaye ɗansu a Ingila, da wanda zai raka majinyaci asibiti. Duk wanda ya taka waɗancan ƙasashe da wuya ya dawo bai shiga jirgin ƙasa ba, domin can shi ne abin hawan kowa, daga filin jirgin sama zuwa cikin gari, daga wannan birni zuwa wancan. To, ranar da ma'aikatan jirgin suka ajiye aiki fa, yaya baƙo zai yi?

Mu a nan in aka ce yajin aiki, wanda ke faɗo mana a rai shi ne na sai-baba-ta-gani. Iyayen ɗalibai a Najeriya ba su manta da shekarar 2022 ba, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta rufe azuzuwa tun watan Fabrairu, ba a koma ba sai Oktoba. Shi ya sa in mutuminmu ya ji a labarai cewa ma'aikatan jirgin ƙasa na Faransa za su tsunduma yaji, ɗayan biyu yake yi: ko dai ya tsorata ya fasa tafiyar da ya kashe wa kuɗi masu yawa, ko kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce in an je can a gani. Duka biyun akwai asara a ciki. Yajin aikin jirgin ƙasa a Turai, a mafi yawan lokuta, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, har da ƙarfe nawa. Ana sanar da shi tun kafin ya zo, kuma ko a tsakiyarsa akwai jiragen da ke tafiya. 'Yan ƙasa sun san haka, suna gyara harkokinsu tun da wuri. Wanda abin ke ritsawa da shi a tasha da akwatuna uku shi ne baƙon da ba wanda ya gaya masa.

Kafin mu shiga ciki, a san cewa waɗannan ma'aikata ba don ƙeta suke yi ba. Rigimar tasu ba ta wuce albashi da fansho da yawan sa'o'in aiki. Mu ma tarihinmu ya san irinta: babban yajin gama-gari na 1945 a Najeriya, wanda ya shafe sama da kwana 40 kan tsadar rayuwa, ma'aikatan jirgin ƙasa ne a sahun gaba, da jagoransu Michael Imoudu. Don haka ba zagin kowa ya kawo mu ba. Abin da muke nema shi ne yadda matafiyi zai bi ta gefen rigimar ya isa inda za shi.

Tambaya ta farko in ka ji labarin yaji ita ce: su wane ne suka shiga? Jirgin ƙasa ba direba kaɗai ke tafiyar da shi ba. Akwai direbobi, akwai masu duba tikiti, akwai ma'aikatan sigina waɗanda ke zaune a ɗakunan sarrafa layin dogo suna ba kowane jirgi hanya. In direbobin kamfani ɗaya ne suka ajiye aiki, jiragen wasu kamfanoni masu bin wannan layi za su ci gaba da gudu. A Italiya akwai kamfanin gwamnati Trenitalia, akwai kuma Italo mai zaman kansa. A Jamus ban da Deutsche Bahn akwai FlixTrain da ƙananan kamfanoni da dama. Amma in 'yan sigina ne suka tafi, to kowa ya tsaya, domin dogon guda ne. Haka aka yi a Jamus ranar 27 ga Maris 2023, sa'ilin da ƙungiyoyin EVG da Verdi suka haɗa kai: Deutsche Bahn ta soke duk jiragenta masu dogon zango na wannan rana, filayen jiragen sama da yawa ma suka tsaya, ta yadda wanda ya ce bari ya koma ta sama nan ma ƙofa a rufe take. Masu duba tikiti kuwa kada a raina su. A Faransa jirgin nan mai gudun tsiya da ake kira TGV ba ya tashi in babu su a ciki, kuma a ƙarshen makon Kirsimeti na 2022 su kaɗai suka ajiye aiki, fasinjoji kimanin 200,000 suka rasa jiragensu.

Bari mu fara da Italiya, domin can ana yawan yaji, amma a tsare yake. Akwai doka mai lamba 146 ta shekarar 1990 da ta ce duk ƙungiyar da za ta yi yaji a harkar da jama'a ba sa iya rayuwa sai da ita, dole ta ba da sanarwar aƙalla kwana 10. Ma'aikatar sufuri ta ƙasar tana da shafi a intanet inda take jera duk yajin da aka sanar, da rana, da yanki, da sa'o'i. Kana zaune a Kano ko Maraɗi za ka iya dubawa kafin ka sayi tikiti.

Ga abin da nake so a riƙe da kyau. A ranakun aiki, jiragen da ke zirga-zirga cikin yanki wajibi ne su yi aiki daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, da kuma daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 9 na dare, ko da yaji ko babu. Na maimaita: 6 zuwa 9 na safe, 6 zuwa 9 na dare. An yi haka ne saboda ma'aikata da 'yan makaranta, amma kai ma baƙo ƙofar a buɗe take gare ka. Game da jirage masu dogon zango kuwa, irin na Milan zuwa Roma, Trenitalia tana wallafa jerin waɗanda ta ba da tabbacin za su tashi, kowanne da lambarsa. In lambar jirginka na cikin jerin, kwanta ka yi barcinka. In ba ta ciki, nemi a sauya maka zuwa wanda ke ciki tun kujeru ba su ƙare ba.

Inda baƙi ke faɗawa shi ne lokacin farawa. Za a ce maka yajin na ranar Juma'a ne, ka ce to bari in tafi daren Alhamis in kuɓuta, alhali yajin Italiya sau da yawa da ƙarfe 9 na daren jajibere yake farawa, ya ƙare ƙarfe 9 na daren washegari. A allonsu za ka ga an rubuta 21:00, domin su da agogon sa'a 24 suke aiki. Jirgin da yajin ya riska a hanya, in ya rage masa ƙasa da awa ɗaya ya kai tasharsa ta ƙarshe zai ƙarasa. In ya fi haka, ana iya tsayar da shi a wata tasha a ce kowa ya sauka. Ka duba halin dattijuwa da jikarta cikin dare a garin da ba su taɓa jin sunansa ba. Abu ɗaya mai kwantar da hankali shi ne jirgin Leonardo Express, mai kai mutane daga babbar tashar Roma zuwa filin jirgin sama na Fiumicino, ana kiyaye shi a ranar yaji, in jirgin bai samu ba a sa motocin bas. Kuma akwai lokutan da ƙa'ida ta hana yaji ɗungurungum, kamar kwanakin Kirsimeti da sabuwar shekara, da Ista, da watan Agusta da suke hutu.

Faransa kuwa tata dabarar daban ce. Ƙungiya tana ba da sanarwar kwana 5. Sannan wata doka da aka yi a 2007, zamanin shugaba Nicolas Sarkozy, ta wajabta wa direbobi da masu duba tikiti da 'yan sigina cewa duk wanda zai shiga yaji ya faɗa wa kamfani sa'a 48 kafin lokacin. Da wannan ne kamfanin SNCF ke ƙirga hannayen da suka rage masa, ya tsara jiragen da zai iya tayarwa, ya fitar da jadawali. A al'ada, zuwa ƙarfe 5 na yammacin jajibere za ka ga jiragen gobe a manhajarsu ta SNCF Connect, masu tikitin TGV kuma akan aika musu saƙo tun kafin nan. Saboda haka jin cewa an ba da sanarwar yaji a Faransa ba ya nufin jirgi ba zai tashi ba. Ƙungiyoyin can sukan ajiye sanarwa mai ɗaukar makonni, ranar ta zo ka tarar 'yan kaɗan ne suka shiga, jirage na ta kai da kawo. Jira jadawalin kafin ka yanke hukunci.

A 2018 ma har kalanda suka fitar tun kafin a fara: daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, kwana biyu yaji, kwana uku aiki. Wanda ya riƙe kalandar nan ya zaga Faransa lafiya lau. Sai dai kada in ɓoye muku, Faransa tana da nata na sai-baba-ta-gani, wanda ma'aikata ke taruwa kowace safiya su kaɗa ƙuri'ar ko a ci gaba. Wanda aka fara ranar 5 ga Disamba 2019 kan gyaran dokar fansho ya cinye Kirsimeti da sabuwar shekara, ya shiga cikin Janairu. An sake yin wata doguwar rigimar a 2023 da gwamnati ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Don haka in ka ji maganar fansho ta taso a majalisar Faransa daidai lokacin tafiyarka, sai ka ƙara buɗe kunne.

Wanda zai sauka a filin jirgin sama na Charles de Gaulle ya san wannan: jirgin da ke shigo da mutane cikin Paris, wato RER B, hannu biyu ke riƙe da shi. Ɓangaren arewa na SNCF ne, na kudu na kamfanin sufurin birnin ne, RATP. Ranar yaji sukan yanke haɗin a tashar Gare du Nord, a ce kowa ya sauka ya sauya jirgi. Ba ɓacewa ka yi ba, bi jama'a kawai ka karanta allo. Layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa masu lamba 1 da 4 da 14 kuwa ba su da direba, na'ura ke tuƙa su, shi ya sa sukan yi aiki ko sauran sun tsaya. Layi na 14 tun 2024 yana kaiwa har filin jirgin sama na Orly.

Jamus ita ce ta fi ba ni tsoro, duk da sunan da ta yi na tsari. Dalili shi ne can babu dokar da ta yanka wa ƙungiya adadin kwanakin sanarwa. Ƙungiyar direbobi ta GDL, ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci Claus Weselsky, ta nemi a rage sa'o'in aikin mako daga 38 zuwa 35. Ranar 24 ga Janairu 2024 ta tsayar da jiragen fasinja har kwana biyar, da sanarwar kwana biyu kacal. A watan Maris ta fito fili ta ce ba ta ƙara alkawarin ba da sa'a 48 ɗin ma. A waɗannan kwanaki kusan jirgi ɗaya cikin biyar na dogon zango ne ke tafiya, a kan jadawalin gaggawa. An sasanta a ƙarshen Maris ɗin. Amma ga inda Jamus ke da sauƙi: muddin yarjejeniyar albashi tana aiki, ƙungiya ba ta da ikon yin yaji a kan abin da ke cikinta. Yaji yana zuwa ne in wa'adin yarjejeniya ya ƙare ana zaman sabuwa. Ka tambayi ɗan'uwanka da ke can, ko ana tattaunawar albashi a Deutsche Bahn yanzu? In ya ce a'a, da wuya ka gamu da matsala. Kuma in yajin ya zo, kamfanin yakan cire sharaɗin da ya ɗaure tikiti mai araha da jirgi guda, ka shiga wani jirgin kafin ranar ko bayanta da wannan tikitin.

A Birtaniya, yajin da ƙungiyar RMT ta fara a ranakun 21 da 23 da 25 ga Yuni 2022, da ma'aikata kimanin 40,000, shi ne mafi girma cikin shekara 30. Direbobi na ƙungiyar ASLEF suka ci gaba da nasu jefi-jefi har sai da aka daidaita a 2024. Duk tsawon wannan rigima ana samun sanarwar mako biyu, kuma shafin National Rail yana jera kamfanonin da abin ya shafa, domin can kamfanonin suna da yawa. Darasin da Birtaniya ta koya wa matafiya shi ne na washegari. Yaji ya ƙare da tsakar dare, amma jiragen ba su kwana inda ya kamata su kwana ba, ma'aikatan dare ba su zo ba, sai ka ga jiragen asuba babu su, harka ba ta daidaita sai hantsi. Akwai kuma wani salon da ba ya kama da yaji: direbobi su ce ba za su yi aikin ƙarin lokaci ba, sai jirage su riƙa ɓacewa daga allo ɗaya-ɗaya. A tuna kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan hukumarsa daban, yajinsa daban.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun yajin aikin jirgin ƙasa a ƙasashen Turai, kuma yanzu muka iso wurin da ya fi damuna.

In yaji ya hana ka zuwa yawon buɗe ido ko ziyarar aboki, abin da sauƙi, gobe ma rana ce. Tafiya ɗaya ce ba ta ɗaukar jinkiri: wadda za ta kai ka filin jirgin sama ranar komawa gida. A ce Alhaji ya je ganin ɗansa da ke karatu a wani gari mai nisan awa uku daga Frankfurt, jirginsa na Abuja zai tashi da hantsi. Ɗan ya saya masa tikitin jirgin ƙasa na asuba, an lissafa komai daidai. Sai aka wayi gari da yaji. Kamfanin jirgin sama ba ruwansa, a wurinsa fasinja ne bai zo ba. Kamfanin jirgin ƙasa zai mayar da kuɗin tikitinsa, 'yan Yuro kaɗan, amma ba zai saya wa Alhaji sabon tikitin Abuja ba. Wanda ya taɓa sayen tikitin jirgin sama na yau-yau ya san abin da ake nufi.

Wani zai ce ai ina da inshora, da ita aka ba ni biza. Inshorar da ofishin jakadanci ke nema don bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta lafiya ce, mai ɗaukar nauyin jinya har Yuro 30,000. Ba lallai ta ƙunshi rasa jirgi ba. Wadda ma ta ƙunsa, yawanci tana da sharaɗin cewa ba ta biyan asarar yajin da aka riga aka sanar kafin ka saye ta. Karanta takardar, ko ka sa a karanta maka.

Sai babbar magana, biza. Bature ɗan ƙasa in ya rasa jirgi kuɗi kawai ya rasa. Kai mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Ghana, in kwanakinka suka ƙare kana cikin ƙasar, ka zama wanda ya zarce wa'adi. A jikin bizar nan abu biyu ne a rubuce: ranar da take ƙarewa, da adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Mutane da yawa na farkon kawai suke dubawa. Tun watan Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa tana lissafa shiga da fita da kanta, babu batun roƙon jami'i ya kau da kai. Kwana ɗaya da ka zarce zai iya tare maka hanya ranar da ka koma neman wata bizar. Dokarsu ta yarda a ƙara wa mutum kwanaki in wani abu da ya fi ƙarfinsa ya hana shi fita, kuma ana nema ne kafin bizar ta ƙare, a ofishin kula da baƙi na garin da kake. Amma ni ba zan ba kowa shawarar ya jingina da wannan ba, domin yajin da aka sanar tun mako guda da wuya jami'i ya karɓe shi a matsayin uzuri.

Shawarata a nan guda biyu ce, kuma ba na sassauta su. Ta farko, daren da za ka tashi, ka kwana a garin da filin jirgin yake, ko da yaji ko babu. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai kuɗin sabon tikiti ba, in ma akwai ɗan'uwa a garin shi ke nan. Ta biyu, kada ka sa ranar komawarka ta zo daidai da ranar ƙarshe ta bizarka. Bar kwana biyu ko uku a tsakani. Na san zuciya tana so a cinye kwanakin duka tunda da wahala aka samo su, amma waɗannan kwana biyun su ne mafakarka.

In kuwa dole sai an haɗa jirgin ƙasa da na sama a rana ɗaya, akwai tikitin da ke haɗa su a yarjejeniya guda. Air France tana da wanda take kira Train + Air, Lufthansa tana da Express Rail. Da irin wannan, in jirgin ƙasa ya makara ko aka soke shi, nauyin sa ka a jirgi na gaba yana wuyansu. Haka ma tsakanin jiragen ƙasa: tafiyar da aka saya a tikiti ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ta fi kariya a kan wadda aka yayyanka gida uku a shafuka daban-daban don a rage 'yan kuɗi. Arahar nan ranar yaji take fitar da haƙoranta.

Ga wani ƙaramin abu da ke jawo babbar wahala. Da yawanmu ba mu ke sayen tikiti da hannunmu ba, ejan ne a gida, ko yaro, ko abokin kasuwanci. Shi kuma sai ya sa adireshinsa na imel da lambar wayarsa. Ranar da kamfani ya aiko saƙon cewa an soke jirgi, saƙon yana can wayar wani a Kaduna yana barci, Hajiya kuwa tana tsaye a tasha a Liyon. A sa imel ɗin mai tafiyar, ko na wanda zai kasance tare da shi. A sauke manhajar kamfanin jirgin a waya tun daga gida, a shigar da tikitin ciki, a tabbatar akwai layin da ke da data a can. Kuma in ta hannun dillalan intanet irin su Trainline ko Omio aka saya, a wurinsu za a nemi mayar da kuɗi.

Kalmomi kaɗan ne za ka buƙaci ganewa a allon tasha. Yajin aiki a Faransanci grève ne, 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san wannan. A Italiyanci sciopero, a Jamusanci Streik. Jirgin da aka soke, Faransawa za su rubuta supprimé, Italiyawa cancellato, Jamusawa fällt aus. Rubuta su a takarda ka sa a aljihu.

To, ranar ta zo, kana da tafiyar da ba ta ɗaguwa. Yi sammako, domin jiragen da suka rage sun fi yawa da safe, kuma in na farko ya ƙi akwai na biyu a gabanka. Kada ka taɓa dogara da jirgin ƙarshe na dare. Rage kaya in da hali, saboda cunkoson ranar yaji ba ya barin wurin manyan akwatuna, wani lokaci a tsaye za a yi tafiyar. Riƙe ruwa da ɗan guzuri, da maganinka in kana shan magani, da abin cajin waya, domin jiran awa ɗaya yana iya zama na awa biyar, kuma ba kowace tasha za ka samu abincin da ya halatta gare ka ba. Motocin bas masu dogon zango, FlixBus a yawancin Turai da National Express a Birtaniya, suna aiki ranar yaji, sai dai da zarar an sanar kujerunsu ke ƙarewa, farashi kuma ya hau. Wanda ya kama kujera a ranar sanarwa shi ya more. A Faransa akwai BlaBlaCar, inda mai mota da zai yi tafiya ke ɗaukar fasinja a raba kuɗin mai. Tasi kuwa, hau wadda ke layin hukuma a ƙofar fita. Tsakanin filayen jiragen sama na Paris da Roma da tsakiyar birni farashin a ƙayyade yake, kuma wanda ya tare ka cikin zaure yana cewa zo in kai ka, ranar yaji ce kasuwarsa.

Ina roƙon alfarma ɗaya. Ma'aikacin da ka gani a tasha sanye da rigar kamfani yana amsa tambayoyi, shi ne wanda ya fito aiki a ranar da wasu ba su fito ba, kuma tun asuba ake sauke masa fushi. Yi masa sallama da ladabi, nuna masa tikitinka, faɗa masa ƙarfe nawa jirginka na sama zai tashi. Sau da yawa shi ke da ikon buga maka hatimi ko rubuta maka izinin shiga wani jirgin. Matambayi ba ya ɓata, amma mai tambaya da tsawa ba kowa ke son nuna masa hanya ba.

Saura haƙƙinka, wanda yawancin mutanenmu ke bari a can saboda ba su san da shi ba. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 782 ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yuni 2023, kuma ba ta tambayar launin fasfonka, duk mai tikiti ta shafe shi. In an soke jirginka, ko ana sa ran zai makara da minti 60 ko fiye, zaɓi naka ne: a mayar maka da kuɗinka, ko a kai ka ta wata hanya ba tare da ƙarin ko sisi ba, ko ka ɗaga tafiyar zuwa ranar da ta yi maka. In minti 100 suka wuce ba su faɗa maka yadda za su kai ka ba, kana iya shiga wani jirgin ƙasa ko bas da kuɗinka su biya ka daga baya. A lura, jirgin ƙasa ko bas aka ce, ban da tasi da jirgin sama. In ka isa a makare da awa ɗaya zuwa ƙasa da biyu, diyyarka kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti. Awa biyu ko fiye, kashi 50. In dare ya riske ka a hanya ta dalilinsu, masauki yana kansu, haka ma ɗan abin taɓawa in jiran ya yi tsawo. Dokar ta yafe wa kamfani diyya in ambaliya ko guguwa ce ta jawo jinkirin, amma ta faɗa ƙarara cewa yajin ma'aikatan kamfanin kansa ba ya cikin uzurin. Iyakarta biyu: in an riga an sanar da kai jinkirin kafin ka sayi tikitin babu diyya, kuma wasu ƙasashe sun cire jiragen cikin gari da na kusa daga wasu sassanta. Birtaniya da ta fita daga Tarayyar tana da nata tsarin mai suna Delay Repay, sai dai ranar yaji da jadawalin yajin ake auna makararka.

Duk wannan ba ya samuwa sai da shaida. Ɗauki hoton allon da ya nuna an soke jirgin, ajiye saƙon da aka aiko maka, riƙe tikitin da rasit na bas da na otal. Ana cike takardar neman diyya a shafin kamfanin, kuma dokar ta ba da wata uku na shigar da ƙorafi. Ni dai na fi son a cike ta tun ana can, kafin a hau jirgin gida, domin wasu kamfanonin sukan nemi lambar asusun banki na Turai, wanda ɗan'uwan da ya sauke ka zai iya ba da nasa. In suka ce za su ba ka takardar rangwamen tafiya ta gaba alhali ba ka san ranar da za ka sake komawa ba, ka ce kuɗi kake so, dokar Tarayyar ta ba ka wannan damar.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Masu niyyar tafiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]